Kogin Bai Ƙare a Nan Ba

"Kin ga tsohon can da ke kan benci? Shi ne."

"Shi ne wa?"

"Wanda ya sayar da unguwarsu."

"Ke dai bari. Da sayarwa ya yi ai da an ce ya ci riba. Kyauta ya bayar, har da rakiya."

"Yi a hankali mana, kada ya ji."

"Ya ji ɗin. Duk Litinin sai ya zo ya dasa kansa a nan, oga har ya gaji da ganinsa."

"Me yake nema?"

"Aiki wai. Irin namu fa, tsintar shara."

"Da wannan hannun?"

Ya ji su sarai. Gwiwa ce ta tsufa, kunne yana nan da sauransa. Matan biyu suna tsaye a inuwar ofishin gandun daji cikin korayen rigunan aiki, kowacce da buhu da safar hannu, suna jiran motar da za ta kai su ciki. Bai ɗaga kai ba. Hannun nasa ya duba, ya juya shi ciki da baya kamar wani ne ya ba shi ajiya. Shekara biyu rabonsa da aiki, amma har yanzu tsagar fatar fara ce.

Farin-Hannu ake ce masa, tun yana saurayi laƙabin ya haɗiye sunansa. Sana'arsa gasa dutse. Duwatsun ƙasarsu farare ne, ruwan sama ya cinye su ya bar su da ramuka kamar saƙar zuma, wasu a tsaye kamar haƙora, wasu kamar taron mutane da suka juya maka baya. Irin dutsen nan ne in an gasa shi yake zama farar ƙasa ta shafen gini. Yakan farfasa shi daidai dunƙulen hannu, ya jera a matoya, wato ramin gashi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ya bar wa wuta hanya a tsakiya. Kwana uku wutar ba ta mutuwa. Bai taɓa aiki da agogo ba, hayaƙi yake kallo: in baƙi ya koma fari, fari ya koma babu, dutse ya nuna. Sai ya ɗauki guda ya ɗiga masa ruwa. In ya yi tsaki, ya tsage, ya zube gari, to aiki ya yi.

"Duk duniya," yakan ce, "dutsen nan ne kaɗai ake ba shi ruwa ya yi fushi."

A can farko gidansa yana gaban dutse, kusa da kogi. Kogin daga cikin daji yake fitowa, ba wanda ya taɓa datse shi, ko gada babu a kansa. Yana zuwa gindin dutsen sai ya shige wani baƙin rami ya ɓace. Maƙogwaro ake kiran ramin. Da rani ruwan a hankali yake shiga, kamar baƙo mai kunya, mata har wanki suke yi a kan faffaɗan duwatsun bakinsa.

Matarsa tana cikin masu wankin. Bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, mutuniyar yake cewa. Gajeriya ce, ƙafarta kamar ta yarinya, bakinta kuwa ba ya kwana da bashin magana.

"Duk gidajen gari ka farar da su," takan ce masa, "namu kuwa kamar bayan tukunya."

"Bari a sauke wannan wutar."

"Wutar bara ma haka ka ce. Ko sai na mutu za ka shafe, masu gaisuwa su ce kai, marigayiyar ta ji daɗi?"

Dariya ya yi ranar. Ita ma ta yi.

Ranar da abin ya faru ko gajimare babu a samansu. A can nesa cikin daji aka yi ruwan, su ba su sani ba. Da hantsi kogin ya taso, ja wur, da itatuwa a kansa. Mata uku ne a bakin Maƙogwaro. Dukansu sun haye tudu, ita ta koma ɗauko bahon wanki, don kayan 'yarsu suna ciki.

Mai Jaki ne ya kawo labarin. Shi ne abokinsa tun ƙuruciya, shi yake kai masa farar ƙasa kasuwa a bayan jaki, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar ya tsaya a bakin matoya ya kasa ko sallama. Farin-Hannu yana ganin fuskarsa ya jefar da itacen da ke hannunsa.

Maza sun ƙulla igiyoyi sun sauka cikin ramin bayan ruwa ya janye. Igiya ta ƙare, duhu bai ƙare ba. Aka yi addu'a a bakin rami aka watse. Ba gawa, ba kabari. 'Yarsu tana da shekara shida.

Kwana tara bayan nan, Mai Jaki yana dawowa daga kasuwa ya tsaya shayar da jakinsa a wani idon ruwa da ke bayan dutsen, tafiyar rabin yini daga gida. Kowa ya san idon, kowa kuma ya ɗauka ruwan kansa ne. A gefen kududdufin ya ga wani abu kore yana lilo. Ya kawo shi naɗe a hularsa.

"Ban sani ba fa," ya ce. "Takalman roba duk kama suke yi. Na dai ce kada in bar shi."

Na ƙafar dama ne. A dunduniyarsa akwai tabon garwashi, inda matar ta taɓa taka wuta wata rana da ta kawo wa Farin-Hannu abinci matoya. Ɗan'uwan takalmin na hagu ma Farin-Hannu ya san shi, don shi da kansa ya yi masa faci da jar roba da zazzafar ƙusa lokacin da maɗaurin ya tsinke.

Kafin damina ta fita ya kwashe kayansa da 'yarsa ya koma bakin idon. Ya gina ɗaki biyu, ya haƙa sabuwar matoya, ya shafe gidan da farar ƙasa ciki da waje har ido ba ya iya kallonsa da rana. Duk shekara kuma sai ya sake shafewa. Dutsen wajen mai kyau ne, hanya kuma ta fi kusa, don haka masu sana'ar suka riƙa biyo shi ɗaya bayan ɗaya, har suka zama gida bakwai. Mai Jaki ne na biyu.

"Kada ka ɗauka don kai na zo," ya ce masa. "Jakin ne ya ce ruwan nan ya fi daɗi."

"Ai na sani. A gidanku shi ke yanke shawara."

A nan Farin-Hannu ya samu sana'a ta biyu, wadda ba ta kawo ko sisi. Ya ƙera manjagara mai dogon hannu da haƙoran waya. Duk sanda kogi ya yi ambaliya a gaban dutse, sai ya tsaya a bakin idon yana taje ruwan, yana janyo abin da dutse ya amayar: kofi, murfin bokiti, mataji, 'yar tsana ba kai, takalma ba iyaka. Ya wanke su ya jera a kan katako ƙarƙashin wata rumfar kwano. Mutanen gaban dutse in sun yi ɓatan kaya a kogi sukan zagayo su duba. Mai Jaki ya raɗa wa rumfar suna, shagon da ba a ciniki. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake nema. Kowa ya sani.

Har gwaji ya yi, don ya san lokacin tsayuwa. Yakan zuba buhun ƙaiƙayi a Maƙogwaro, ya zagayo gida ya jira. Da rani kwana uku ƙaiƙayin yake yi kafin ya ɓullo, da damina kwana ɗaya da rabi. To me ya sa takalmi ya yi tara? Ya daɗe yana juya wannan a ransa, har ya samu amsar da ta zauna masa.

"Akwai ɗakuna a ciki," ya gaya wa 'yarsa. "Abu yakan shiga ya huta, sai babban ruwa ya zo ya tashe shi. Kowa yana da inda yake zuwa ya tsaya wa nasa, Uwata. Mu nan ne namu."

Uwata yake kiranta. Ta girma a bakin idon, ta koyi ɗinki, ta yi aure a gari, ta haihu. Ta yi ta fama ya dawo wajenta, yana cewa sai bayan damina. Haka aka yi shekara ashirin da shida.

Sai wata shekara wasu mutane suka zo suka shafa jan fenti a jikin duwatsu. Aka ce kamfanin siminti ne, za su fasa dutsen da nakiya. Farin-Hannu ya yi sati ba ya cin abincin kirki. Ana cikin haka wani labarin ya danne wannan: gwamnati za ta faɗaɗa gandun dajin da ke can saman kogi, ya haɗa da kogin da fararen duwatsun, don irinsu ba su da yawa, kuma koguna da ba a datse ba sun kusa ƙarewa. Duk abin da ya shiga gandu, ba fasa dutse, ba sare itace, ba zama. Kowa sai ya koma tambaya ɗaya: ina layin zai bi?

A ajin makaranta aka yi taron. Manya suka matse a kan kujerun yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Wata matashiya mai tabarau da takalmin shiga daji ta manna taswira a jikin allo. Ita ce ta yi awon, Mai Taswira suka riƙa ce mata. Ta nuna musu shuɗin layi, ta ce kogi ke nan. Ta nuna ja, ta ce iyakar gandu ke nan. Jan layin ya biyo kogin har Maƙogwaro, ya ɗan zagaye shi, ya koma. Bayan dutse yana waje. Gida bakwai suna waje. Aka ji ajin ya sauke numfashi gaba ɗaya.

"Dokar ta ce a tsare kogin daga mafarinsa har ƙarshensa," ta ce, ta ɗora yatsa a kan ramin. "To a nan kogin ya ƙare."

"Bai ƙare ba."

Ta juyo. "Na'am, Baba?"

Mai Jaki ya take masa ƙafa da ƙarfi. "Tari yake yi, ranki ya daɗe. Hayaƙi ne ya cinye masa ƙirji. Ci gaba abinki."

Aka yi dariya, taro ya wuce. 'Yarsa ta zo taron daga gari, kuma ta ji. A hanyar gida ta sha gabansa.

"Baba, don girman Allah ka kama bakinka. Layin nan ya bar ku a waje. Ka bar shi yadda yake."

"Ƙarya ce a jikin takardar, Uwata."

"To takarda ce ta yi ƙarya, ba kai ba."

"Layi ɗaya ne fa, shuɗi. Ta ja shi ta ƙarƙashin dutse ta fito da shi nan, shi ke nan. Wa zai cutu?"

"Ba ka ji abin da ta ce ba? Duk inda shuɗin ya je, jan yana biye da shi."

"Jan na daji ne. Nan daji ne? Gidaje ne a nan, da mutane a ciki. Gwamnati ba makauniya ba ce."

"Baba..."

"In a can ya ƙare," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "to uwarki tana ina? A ramin da ba shi da ƙofa? Shekara ashirin da shida me nake yi a bakin ruwan nan?"

Ta gyara goyonta ta bi bayansa.

Mutum ne da in ya shafe bango ya hango ɗan wurin da buroshi ya tsallake, sai ya sake kafa tsani ko da an riga an sallame shi. Haka ya ɗauki taswirar: bango ne da aka bar wa tabo. Bayan kwana biyu ya je aron jaki wajen Mai Jaki, ya ce zai kai kaya gaban dutse. Ya ɗora buhu uku na ƙaiƙayi ya nufi tantin masu awo.

Mai Taswira ta saurare shi har ya gama. Ta cire tabarau ta goge.

"Baba, ka san abin da wannan yake nufi in ya tabbata?"

"Na sani mana, 'yata. Yana nufin ki gyara shuɗin layinki."

Ta buɗe baki, ta rufe. Daga baya ta ce wannan shirun shi ne abin da ta fi jin kunyarsa a duk aikinta. Ta tsaya ta ga ya zazzage buhunan a Maƙogwaro, ruwa ya haɗiye. A rana ta uku ta zo bakin idon tun da safe ta zauna a kan dutse. Ya ba ta shayi a kofin da kogi ya taɓa kawowa. Rana ta ɗaga, ba komai. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Can wajen hantsi sai ƙwaya ɗaya ta taso daga ƙasan ruwa tana juyi, sai goma, sai fuskar kududdufin duk ta rufe da ƙaiƙayi ruwan zinariya.

Farin-Hannu ya yi dariya har da tafi. An daɗe ba a ji wannan dariyar ba.

"Kin gani? Kin gani ko? Ai na gaya miki yana fita!"

Shi kaɗai yake murna. Mai Jaki yana tsaye a baya, ya dubi ƙaiƙayin, ya dubi jakinsa, ya juya ya shiga gida.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawon faɗa. Masu awo suka zuba koren rini a Maƙogwaro, idon ya koma kore. Masana suka zo da huluna masu fitila suka shiga ta wani kogo, suka fito cike da ɗoki: ɗakuna a ciki manya-manya, duwatsu suna rataye daga sama kamar an narka kyandir, da wasu fararen kifaye marasa ido. Ya tare su a bakin kogon ya tambaya ko sun ga wani abu na mutane. Suka ce ko kashi ɗaya cikin goma ba su shiga ba, sauran duk ruwa ne. Bayan wata takwas sabuwar taswira ta fito. Shuɗin layin ya ratsa ƙarƙashin dutse ya fito a ƙofar gidansa, daidai yadda ya so. Jan yana biye da shi.

Ba wanda ya zage shi. Da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce aka daina. In ya fito mata su janye 'ya'yansu, maza su tuna suna da aiki a bayan gida. An ba gida bakwai filaye a gefen gari, wajen da ko tsakuwa sai an saya. Sau ɗaya Mai Jaki ya yi masa magana, a kan hanya, ba tare da ya tsaya ba.

"Shekara arba'in ina ɗaukar maka kaya, Farin-Hannu. Ashe na ƙarshe gidana ka ɗora wa jakina."

Mai Taswira ta zo kafin a tashe su. Ta tsuguna ta gaishe shi, ta daɗe ba ta tashi ba. Ta ce ya kamata ya sani: da layin ya tsaya inda yake da farko, bayan dutsen nan duk kamfanin siminti za a bar wa, da ɗakunan da kifayen da komai. Ƙaiƙayinsa ne ya hana.

Ya juya ya kalli dutsen.

"Ba za a fasa shi ba ke nan?"

"Har abada, Baba, in dai doka tana aiki."

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Ki je ki gaya wa maƙwabta. Ni ba sa jin maganata."

Ta je. Ba ta canza komai ba, don ba a dafa doka a ci.

Ana saura sati ɗaya a rushe gidajen ya kwaɓa ragowar farar ƙasarsa ya kafa tsani. 'Yarsa ta zo haɗa kaya ta same shi a sama.

"Baba, rushewa fa za a yi."

"Na sani. Miƙo min bokitin. Uwarki ta sha yi min gori."

Ranar tashi da safe ya buɗe ƙofa ya tarar da jaki a ɗaure a jikin turken rumfa, an riga an ɗaura masa mangala. Mai shi bai fito ba. Farin-Hannu ya yi sawu uku zuwa bakin titi, ya shayar da jakin a idon, ya mayar da shi ƙofar gidansu ya ɗaure. Kayan shagon da ba a ciniki kuwa, ma'aikata suka zuba a buhuna suka ce shara ce. Abu biyu ya hana su: manjagara, da koren takalmin da ke aljihunsa.

Yanzu a gari yake zaune, a hawa na biyu na wani bene, a ɗakin da 'yarsa take ɗinki. Da rana keke yana ƙara a gefen katifarsa, ƙyallaye suna zuba a kan ƙafarsa. Surukinsa mutumin kirki ne, ya sayo masa rediyo da kujera mai jingina. Manjagarar ta fi ɗakin tsawo, sai a kwance take a bin bango, jikoki suna tsallake ta. In aka kawo ruwan famfo yakan ji shi yana tafiya a bututu cikin bango tun kafin kowa ya ji, ya ce a tara bokiti.

Sau ɗaya ya koma, bayan an buɗe wa baƙi wajen. 'Yarsa ta yankar masa tikiti. An yi hanyar katako mai shinge daga titi har bakin idon. Inda gidansa yake ciyawa ce, sai wani ɗan farin tabo a ƙasa. Mai yi wa baƙi bayani ya tsaya gaban wani allo yana cewa masu bincike sun gano kogin yana tafiya a ƙarƙashin dutse. Farin-Hannu dai ya ga abin da ya gani, kuma ba ya ɓoye shi in an tambaye shi: ruwan ya fi da haske, tsuntsayen da ya rabu da ji tun yana yaro sun dawo, bishiyoyin da da yanzu ya cusa su a matoya sun yi tsawon mutum biyu.

"Ni ma na ci dajin nan," yakan ce. "Ba ƙaramin ci ba. Wajen ya fi kyau da ba mu. Abin da ciwo, amma haka ne."

A ranar ne ya hango wani abu kore a gefen kududdufin. Bai san sanda ya haye shingen ba. Aka busa usur, masu gadi biyu suka kamo shi cikin ruwa har gwiwa, baƙi suna ɗaukar hoto. Da ya buɗe hannu, ɓallin jarka ne. Suka raka shi har ƙofa cikin ladabi, suka rubuta a littafinsu kada a sake barinsa ya shiga shi kaɗai.

A wajen fita ne ya ga masu korayen riguna da buhuna, ya tambaya. Aka ce su ne masu tsince robobin da ruwa yake fitarwa, su kaɗai aka yarda su taka bakin idon. Litinin ɗin da ta biyo baya ya sa rigarsa mai kyau ya zo ofis neman aiki. Yau Litinin ta goma sha ɗaya.

"Baba, oga ya ce ka shigo."

Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka tana juyawa, taswirar tana manne a bango da shuɗin layinta cikakke. Ogan ya miƙe ya ba shi kujera. Ba mugu ba ne, gajiya ce a fuskarsa.

"Baba, wallahi na kai maganarka sama. Har wasiƙar da mai awon nan ta rubuto a kanka na haɗa. Sun ce shekaru. Ba a ɗaukar wanda ya wuce sittin, kai kuwa..."

"Ba sai an biya ni ba."

"Ba a nan take ba. In ka zame a kan dutsen nan, ni za a tambaya."

"Shekara ashirin da shida ban zame ba."

"Na sani. Ka yi haƙuri. Kada ka ƙara wahalar da kanka da zuwa."

Ya gyaɗa kai. Ta taga ya hango gabas ta haɗe, hadari ya yi baƙi a saman daji, can wajen da kogin yake fitowa. Ruwan farko ke nan. Shi ne babban ruwan da yake shiga ɗakuna ya tashi abin da yake hutawa. Kwana ɗaya da rabi.

"Sharar da ake tsintowa," ya ce, "ina ake kai ta?"

"Mota takan kwashe duk ƙarshen mako, a kai inda ake narka roba."

"Ana dubawa kafin a narka?"

"Duba me, Baba? Shara ce."

Ya yi godiya ya fito. Motar gandu ta iso, matan biyu suna jefa buhunansu a baya. Da suka ga ya nufo su sai suka yi tsit, wadda ta fi baki ɗazu ta kama gyaran safar hannunta.

"Sannunku da aiki, 'ya'yana."

"Sannu, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Na ji hirarku ɗazu. A'a, kada ku ji komai, ba ku yi ƙarya ba, har rakiyar na yi." Ya sa hannu a aljihu ya fito da takalmin. Korensa ya koɗe, ya kusa zama fari. Ya riƙe shi a tafin hannu biyu ya miƙa musu su gani, direba yana danna ham.

"Jibi da safe ruwan zai fito da kaya. Ku fara duba gefen hagu, ƙarƙashin dutsen da ya yi baki, nan abu mai nauyi yake maƙalewa. Ku dubi wannan da kyau. Ɗan'uwansa nake nema, na ƙafar hagu, ɗan ƙarami haka, an yi masa faci da jar roba a maɗauri. In Allah ya sa ya fito a hannunku, bana ko baɗi ko bayan ba ni, don Allah kada ku sa shi a buhu. Ku ajiye min a wajen mai gadin ƙofa, ku ce na Farin-Hannu ne."